Kwanso Mai Siffar Kifi Ga Bututun Ƙarƙashin Teku

Ka tambaya ko sanya wa bututu ko kebul ɗin ƙarƙashin teku kwanso mai siffar kifi zai hana shi jijjiga, kuma ya rage jan ruwa, wato ƙarfin da ruwa mai gudu ke jan sa da shi. Zai yi duka biyun. Idan ruwa ya ratsa abu mai kewaye, yakan saki ƙananan guguwa a bayansa, dama da hagu bi da bi, kowace tana fizgar bututun zuwa gefenta. Bututu mai faɗin rabin mita a ruwan da ke gudun mita 1 cikin daƙiƙa yana kai-komo kusan sau 34,000 a rana, kuma wannan ne ke gajiyar da ƙarfe har wajen walda ya tsage. Wutsiyar kwanson tana haɗe ruwan a hankali a baya, sai guguwar ta kasa samuwa, jan ruwan ma ya ragu sosai. Murɗaɗɗun fukafukan da ake naɗa wa bututu suna kashe jijjiga su ma, amma suna ƙara nauyin ja.

Sharaɗin da nake jaddadawa, daga abin da na gani a aiki, shi ne dole kwanson ya riƙa juyawa ba tare da cijewa ba, domin wutsiyarsa ta bi ruwa duk inda ya karkata. Idan halittun teku masu ɓawo suka manne a zoben da yake juyawa a kai, sai kwanson ya tsaya a gicciye, ruwa ya buge shi a faffaɗan gefensa, jan ya zarce na bututun da ba shi da komai. Saboda haka ka bar isasshen sarari tsakanin zoben da bututun, ka kuma tsara duba zoben da kankare halittun da suka manne masa a kai a kai.