Me ya sa jitata ba ta kuka irin ta Jimi Hendrix?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina kaɗa jitar lantarki. Jitata ƙirar Stratocaster ce amma ba ta kamfanin Fender ba, ina da ƙaramar amfilifaya mai wat 20 da feda guda (ɗan akwatin sauya sauti da ake takawa da ƙafa), Boss DS-1. Na haddace "Voodoo Child" da "Little Wing" na Jimi Hendrix, yatsuna suna sauka inda ya kamata, amma sautin da ke fita sai ka ce an kulle zirnaƙo a gwangwani. Na ɗan tara kuɗi. Amfilifayar Marshall zan nema, ko fedar wah zan fara saya? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna, kada ka sayi ko ɗaya a cikin biyun. Zirnaƙon nan da kake ji na san shi, kuma kusan na tabbata ka murɗe DS-1 ɗin har ƙarshe, ka kuma bar mamurɗin muryar jitarka a kan 10 tun ranar da ka saye ta. A nan matsalar take.

Bari in fara da abin da Hendrix, shahararren makaɗin jitar nan ɗan Amurka, yake takawa a dandamali, don ka ga ba wasu kaya ne masu yawa ba. Daga zuwansa Landan a 1966 zuwa rasuwarsa a watan Satumban 1970, kayan da aka fi saninsa da su ba su wuce waɗannan ba: jitar Fender Stratocaster, fedar wah ta Vox, Fuzz Face ta kamfanin Arbiter, Octavia wadda Roger Mayer ya ƙera masa, daga baya Uni-Vibe ta Japan, sai amfilifayar Marshall mai wat 100 a kan akwatunan da kowannensu ke ɗauke da lasifika huɗu masu inci 12. A cikinsu duka, wadda ta fi shafar tambayarka ita ce Fuzz Face.

Wannan feda an fara sayar da ita a Ingila a 1966. Idan ka buɗe cikinta za ka yi mamakin ƙarancin kayanta: taransista biyu ne da 'yan tarkace da ba su kai goma ba, duk mai gyaran rediyon da ya san aikinsa zai iya harhaɗa ta idan ka kai masa zanen. Abin da ya bambanta ta da DS-1 shi ne yadda take hulɗa da jitar. DS-1, wadda ta fito a 1978, shekara takwas bayan rasuwar Hendrix, tana karɓar sauti ta daddatse shi kusan iri ɗaya ko ka daki tsirkiya da ƙarfi ko ka shafa ta. Ita kuwa Fuzz Face jan sautin take kai tsaye daga maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiyoyin jitar, har ta zama kamar wani ɓangare na jitar. Saboda haka duk abin da ka yi da mamurɗin murya, sai ta amsa. A kan 10 za ta yi ruri mai kauri, sauti ɗaya ya yi ta ja kamar goge. Ka sauke zuwa 8, rurin ya koma gurnani. Ka sauke zuwa 6, sai ka ji sauti ya wanke tas, yana ƙyalli kamar an kaɗa gilashi, alhali fedar tana kunne ba ka taɓa ta da ƙafa ba.

Ka nemi bidiyonsa na dandamali ka zuba ido a kan hannun da yake dukan tsirkiya da shi. Za ka ga yana yawan kai shi ga mamurɗan nan da makunnin sauya maganaɗisu a tsakiyar waƙa. Mutane suna kallon haƙoran da yake kaɗa jita da su da wutar da ya cinna mata a bikin kiɗa na Monterey a 1967, su manta da wannan ƙaramin motsi, alhali shi ne ke sauya muryar jitar daga raɗa zuwa ihu.

To idan za ka sayi abu guda, fuz irin ta Fuzz Face za ka saya. Kamfanin Dunlop ne ke yin ta yanzu, har da ƙanana masu sauƙin kuɗi, kuma akwai kamfanoni da dama masu kwaikwayon zanen. Amma ga wata magana da 'yan Turai ba su cika damuwa da ita ba, mu kuwa dole. Fuzz Face iri biyu ce. Ta farko taransistocinta na jamaniyam ne, ta baya kuma na silikon. Ta jamaniyam ta fi taushi a kunne, ta fi wankewa idan ka rage murya, shi ya sa ake yabonta. Sai dai ba ta jure zafi. Na taɓa kai tawa wajen wani biki a watan Afrilu, aka jera kaya tun da rana ƙarƙashin rumfar kwano. Da safe a ɗaki tana waƙa lafiya lau. Da la'asar na taka ta, sai tari take tana shaƙewa, sauti ya fito ya yanke kamar rediyon da batirinsa ya mutu. Ba abin da ya lalace, da dare ya yi iska ta sauko ta dawo hayyacinta. Mutumin Damagaram ya sayi ta silikon kawai ya huta. Hendrix kansa ya koma amfani da masu silikon a shekarunsa na ƙarshe, don haka ba ka kauce hanya ba.

Abu biyu za ka kiyaye wajen haɗa ta. Na ɗaya, wayar jitarka ta shiga fuz kai tsaye. Fedojin Boss suna da wata da'ira a ciki da ke aiki ko an kashe fedar, kuma idan ka sa irinsu a gaban Fuzz Face, wannan hulɗa da na bayyana ta mutu: sauti zai yi tsini, mamurɗin murya kuma ya daina wanke shi. DS-1 ɗinka ta koma bayan fuz, ko ka cire ta. Na biyu, ba ta batir mai bolt 9. Abin da take ci kaɗan ne ƙwarai, batir ɗaya zai daɗe maka matuƙar kana zare wayar idan ka gama. Batir yana kuma raba ka da rabin ƙugin da wutar janareta ke kawowa. Sauran rabin halin Stratocaster ne, maganaɗisunta suna kwasar ƙugin wuta, musamman a gidan da ba a ja wayar ƙasa ba. Ka ɗan juya jikinka a hankali har ka sami kusurwar da ƙugin ya ragu, ka tsaya a nan.

Yanzu Marshall. Wadda Hendrix yake amfani da ita mai ƙwayayen gilashi ce irin na tsohuwar rediyo, kuma ba ta da mamurɗin da zai ba ka damar dafa sauti a ciki ka fitar da shi ƙasa-ƙasa. Ba ta fara daɗi sai an buɗe ta sosai, wat 100 a buɗe kuwa ba abin ɗaki ba ne, unguwa guda za ta fito neman ba'asi. Ga nauyi, ga tsadar ƙwayayen idan sun mutu, ga wutarmu mai hawa da sauka. Abin da take yi wa fuz shi ne ta riga ta fara ɗan dakushewa da kanta, sai ta haɗiye tsinin fuz ɗin ta mayar da shi kauri. Ƙaramar amfilifayarka ba ta yin haka, duk tsinin da aka ba ta sai ta fito da shi, kuma ƙaramar lasifika tana ƙara masa kaifi. Maganin: ka tsaya a layin sauti mai tsabta, ka sauke mamurɗin sautin sama zuwa 3 ko 4, ka ɗaga na tsakiya zuwa 6 ko 7, na ƙasa ka bar shi tsaka-tsaki. In ka sami lasifika mai inci 12 ko ta gwanjo ce, za ta canza maka sauti fiye da feda uku. Har doguwar wayar nan mai lanƙwasa kamar ta tsohuwar tarho da ake gani a hotunansa tana da nata aikin, tsawonta yana shanye wani abu daga tsinin sautin kafin ya isa amfilifaya.

Akwai abubuwan da ba sa cin ko sisi. Sauke dukkan tsirkiyoyin da rabin mataki, daga E zuwa E flat. Haka Hendrix ya ɗaure jitarsa a yawancin abin da ya naɗa daga kundinsa na biyu, har da waƙoƙi biyun da ka ambata. Tsirkiya za ta yi laushi, tanƙwara ta ya yi sauƙi, sautin ya ƙara duhu. Tsirkiyoyinsa ma ba masu kauri ba ne, daga lamba 10 ne zuwa 38, alhali saitin da aka fi sayarwa yau 10 zuwa 46 ne. Sannan ka koma maganaɗisun da ke kusa da wuyan jita. Masu koyo sukan maƙale a na gindi saboda ya fi ƙara, shi kuwa ya fi kowanne tsini.

Za ka ji ana cewa sirrin yana cikin kasancewarsa bahago: ya ɗauki jitar na-dama ya kifa ta ya sake jera tsirkiyoyin, sai maganaɗisun gindi, wanda a karkace yake, ya koma karkacewa ta ɗaya ɓangaren. Gaskiya ne, kuma yana ɗan tausasa siraran tsirkiyoyi. Amma ni ba zan kashe kuɗi a kan wannan ba. Bambancin bai kai wanda za ka samu ba idan ka koyi zagayo da babban yatsanka ta saman wuya kana danne tsirkiya mafi kauri da shi, sauran yatsun su sami 'yancin yin ado a kan siraran. "Little Wing" kusan gaba ɗayanta wannan ne. Ba ruri a cikinta. Sauti ne mai tsabta, sai ɗan kaɗawar da aka samu a ɗakin naɗi ta hanyar bi da jitar cikin lasifika mai juyawa irin ta Leslie. Kashe DS-1 idan za ka kaɗa ta, yau ɗin nan za ka ji ka matso kusa.

Wah ita ce ta biyu a layin saye, don farkon "Voodoo Child", wadda ta rufe kundin Electric Ladyland na 1968, ba ya yiwuwa sai da ita. Cikakken sunanta dai, wah-wah, a bakin Bahaushe ba ya da daɗin ji, amma aikin ba na wawa ba ne. Tana zaɓar wani yanki na sauti ta ɗaga shi, tana yawo da shi gwargwadon yadda ka taka, kamar mai magana yana buɗe baki yana rufewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙa taka ta daidai da bugun ganga kamar mai ɗinki a keke. Ka saurari farkon waƙar: ya danne tsirkiyoyi da hannu yana karce su, ƙafar kuma tana bin jimlar kiɗan, wani wuri ta buɗe a hankali, wani wuri ta tsaya rabi. Vox ko Cry Baby, duk wadda ka samu ta isa. Ka sani dai wah da Fuzz Face ba su cika jituwa ba. Shi Hendrix a gaban fuz yake sa ta, amma wasu idan an haɗa su haka sai wah ta rasa faɗinta ko ta kama fito. Gwada gaba, gwada baya, ka bar wanda kunnenka ya yarda da shi.

Sauran biyun ba na gaggawa ba ne. Octavia tana ƙara wa sauti ɗan'uwansa na sama, ita ce wannan ƙarar mai kama da ƙarfe a tsakiyar "Purple Haze". Ba ta fitowa sosai sai a maganaɗisun wuya, daga gaɓa ta 12 zuwa sama, tsirkiya ɗaya-ɗaya. Ka haɗa mata uku a lokaci guda, sai hayaniya. Uni-Vibe kuwa ƙwan fitila ne a cikinta yana haske yana dushewa a tsakiyar idanu huɗu masu jin haske, shi ke ba da wannan kaɗawa kamar igiyar ruwa da ake ji a taken Amurka da ya kaɗa a bikin Woodstock a watan Agustan 1969, da kuma "Machine Gun". Don waɗannan biyun, na'ura mai tara sautuka da yawa irin ta Zoom ko Boss ta wadatar, kwaikwayonsu ya yi kyau. Inda irin waɗannan na'urori suka fi gazawa shi ne fuz ɗin kanta, domin wayar jitarka ba taransistan gaske take taɓawa ba, wankewar nan ba ta zuwa yadda ya kamata.

Tunda a Nijar kake, ba sai ka leƙa nesa ba don ganin inda wannan hanya ke kaiwa. Bombino na Agadas ya sha faɗin cewa bidiyon Hendrix na cikin abin da ya koyi jita da shi, Mdou Moctar kuma bahago ne mai riƙe da Stratocaster, wanda jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Ka saurari yadda suke barin tsirkiya ɗaya tana amo a ƙasa yayin da yatsu ke gudu a sama, za ka ji dangantakar.

Ga aikin mako guda kafin ka je kasuwa. Sauke ɗaurin jita da rabin mataki, koma maganaɗisun wuya, mayar da mamurɗin dakushewar DS-1 ƙasa da rabi, na kaifinta kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Sa muryar jita a kan 7, ka ƙara ta amfilifaya don cike gurbin. Kaɗa baitin a haka, in ka zo inda jita za ta yi magana ita kaɗai ka tura zuwa 10 da ƙaramin yatsa, ka dawo da ita in ka gama. DS-1 ba za ta wanke kamar fuz ba, amma hannunka zai saba da tafiyar, ranar da fuz ɗin ta iso kuma ka riga ka san inda 6 da 8 suke ba tare da ka duba ba.