Sabis ɗin mashin: in ci gaba da kaiwa gareji ko in riƙa yi da kaina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Oga. Ni malamin firamare ne, ina zaune a Tudun Wadan Zariya ina koyarwa can wajen Basawa, kullum a kan Boxer nake zuwa in dawo, da yamma kuma in ɗan taɓa acaba saboda albashin ko rabin wata baya kai mu. Matsalata kuɗin sabis ne. Duk shiga gareji sai a ce wannan ya mutu wancan ya tafi, juyen baƙin mai kawai zan je yi sai in dawo an sa min fulogi da wani abu da ko sunansa ban sani ba. Shine nake tunanin in sayi sifanu in riƙa yi da kaina a ƙofar gida, akwai riba a ciki ko wahalar banza ce? Sannan wayar birkin gabana ta tsinke sati uku kenan, abokan acaba sun ce kar ma in ɓata kuɗina dama birkin gaba kayar da mutum yake yi, da yawansu sun cire nasu. Yarana biyu nake ɗauka da safe in sauke su makaranta, abin na ɗan damuna.

AMSA

Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya rufa asiri ya sa wa albashin albarka. Zan fara da maganar kuɗin tunda ita ka sa a gaba, amma wallahi tunda na karanta zancen wayar birkin nan hankalina yana can.

Kuɗin da kake bayarwa a sabis iri biyu ne, na kaya da na hannu. Na kaya ba yadda zaka yi da shi, galan ɗin baƙin mai kuɗinsa ɗaya ne ko a garejina aka zuba ko a ƙofar gidanka, kuma shi da sauran kayan ne suka yi tashin gwauron zabi tun 2023 da aka cire tallafin mai aka saki naira, don yawancin kayan mashin daga Indiya da China suke zuwa, dala ce ke juya farashinsu. Kuɗin hannu a juye kuwa ɗan kaɗan ne, sau da yawa in a wajenmu ka sayi man ba ma cewa komai sai abin da ka miƙa wa yaro ya sha ruwa. Toh kaga in lissafinka shine ka tsira da kuɗin hannun juye, ba wani abin kirki zaka tara ba. Ribar a wani wajen take. Man da ka saya da hannunka ka fasa murfinsa da kanka ka san abin da ya shiga injinka, ba wanda zai cire maka fulogi mai lafiya ya sa a aljihu, sannan mutumin da yake durƙusawa gaban mashin ɗinsa duk sati shi ke ganin noti ya fara kwancewa tun kafin ya faɗi a hanya.

Ba zan tsaya kare abokan sana'ata ba, akwai masu yi. Akwai wanda zai rage man a galan ya ajiye, in ya tara na mutum huɗu ya sayar wa na biyar. Akwai yaron da ya yi wata shida a gareji ya gudu ya samu gindin bishiya ya rataya tsohuwar taya, shikenan ya zama oga. Maganin wannan mai sauƙi ne, ka tsaya a kan aikinka kar ka tafi shan shayi, duk abin da aka ce ya mutu ka ce a nuna maka inda ya mutu, in an canza ka karɓi tsohon ka tafi da shi.

Abin da zan ce ka riƙa yi da kanka: juye, gyaran cen, wanke eya kilina (matatar iskar inji), duba fulogi, duba iskar taya, da bin notuna. Sifana 8, 10, 12, 14 da 17, sai ta fulogi, sukundireba da filaya, sun ishe ka, kuma sau ɗaya zaka saya. Juye ka yi shi inji na da ɗan ɗumi, mashin a kan babban jak, ka bar shi ya tsiyaye sosai. Boxer kamar taka wajen lita ɗaya take sha, 20W-50, amma masu roba-roba su kula nasu baya shanye litar duka, ya kamata a ga saura a galan, in ka juye masa duka ya yi yawa sai ya fara neman hanyar fita. Ka nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA a jikinsa, don a mashin mai ɗaya ne yake wanke inji da giya da kuloci gaba ɗaya, wasu man motar suna da santsin da yake sa kuloci ya riƙa zamewa, ka ja totur inji na ihu mashin baya tafiya. Man da ake ɗurawa a robar lemo a jera a bakin titi kuwa ko kyauta aka ba ka ka ce Allah ya amfana. Kuma ga ƙurar garin nan lokacin hunturu, ga acaba da kake haɗawa, ni shawarata kar ka wuce kilomita 1,500 baka yi juye ba.

Inda masu yi da kansu suka fi kuka shine notin juye. Gindin injin alminiyam ne, laushi gare shi, sai mutum ya samu sifana ya danna da ƙarfinsa duka wai kar mai ya zuba, sai zaren ya cinye. Wani ɗalibi daga Samaru ya taɓa turo min mashin da notin an naɗe shi da ledar fiya wata an cusa, mai yana ɗiga tun daga Kwangila, abin da ya biya a gyara zaren ya fi kuɗin hannun juyen da zai biya a shekara. Ka fara murza shi da yatsunka har ya zauna, sannan sifana ta ɗan ƙarasa, kar ka manta washa. Cen kuma kar ka ɗaure shi tam kamar tsirkiyar baka, ka bar masa wasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, ka tabbata alamun gefen dama da na hagu sun zo ɗaya don kar taya ta karkace. Eya kilina in na soso ne ka wanke da kananzir ka matse ya bushe ka ɗan shafa masa mai, in na takarda ne sai dai kaɗewa ko canji.

Bawul, kafireto, kuloci, boris, wayoyin wuta, da duk abin da sai an buɗe inji, wannan ka kawo mana. Ba rowar ilimi bace, kayan awo ake buƙata da hannun da ya saba.

Yanzu mu zo kan birki. Malam, sati uku kana ɗaukar yara biyu daga Tudun Wada ba birkin gaba, haba Malam! Wannan maganar ta cewa birkin gaba kisa ne kullum sai na ji ta, kullum, a bakin ɗan acaba a bakin ɗalibi har a bakin wasu da suke kiran kansu makanikai, kuma ban san wata ƙarya da ta karya ƙafafu a garin nan kamarta ba. Ana kawo min mashin sabo fil ko ledar kujera ba'a cire ba, mai shi ya ce Oga a sassauta min na gaban nan, wani ma ya ce a zare wayar gaba ɗaya, in ka tambaye shi dalili sai ya ce haka aka ce. Wa ya ce? Mutanen da suka zauna suka ƙera abin a Indiya suka kashe kuɗinsu suka sa birki a tayar gaba, mahaukata ne su, sai mu da muke zaune a kan benci a tashar acaba mu ne muka gano gaskiya?

Ka lura da kanka, duk sanda ka taka birki ina jikinka yake tafiya? Gaba. Fasinja ya zo ya bugi bayanka, shokin gaba ya nutse. Toh nauyin mashin ɗin ma haka yake yi, yana komawa kan tayar gaba ya danna ta a ƙasa, ta baya kuma ta yi sakayau. Taya kuwa gwargwadon nauyin da ke kanta gwargwadon yadda take kama titi. Shi yasa masu koyar da tuƙin mashin suke cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake. Kai da ka cire shi ka zubar da mafi yawan birkinka kenan, ka riƙe ɗan guntun. Ranar da ba komai ba zaka gane ba, zaka yi ta tafiya kana cewa ai ga shi lafiya lau. Sai ranar da ka gangaro daga gadar Kofar Doka napep ta tsaya cak a gabanka don wata ta ɗaga hannu, ko akuya ta fito da gudu a Gyallesu, ka danna na ƙafa da ƙarfi, tayar baya ta ƙulle ta fara jan ƙasa ƙiiii, gindin mashin ya juyo gefe, kuma baka tsaya ba, tafiya kake yi a kwance-kwance har ka isa inda kake gudu. Baƙin layin nan da kake gani a kan kwalta wajen da aka yi hatsari, sau da yawa sa hannun mai birki ɗaya ne.

Zaka ce min ai ka ga wanda birkin gaba ya kayar. Nima na gani, ni kaina ya taɓa kayar da ni ina yaron gareji, tabon yana nan a gwiwar hannuna. Amma me ya faru? Cafka na yi lokaci ɗaya, a kan yashi, kan mashin a karye ina shan kwana. Abubuwan da suke kayarwa kenan, cafka, yashi ko taɓo, kan mashin a karye, sai sanƙon taya da zanenta ya gama cinyewa. Sai na biyar wanda shi ne ya fi bani haushi, birkin da aka yi wata da watanni ba'a taɓa ba. Ƙarfen da yake buɗe takalman birkin a ciki ya yi tsatsa, wayar ta bushe ta cika da ƙura, ranar da tsoro ya kama mutum ya damƙa sai ya kama gam ya ƙi saki, ya faɗi, ya tashi yana kaɗe riga yana cewa kun gani ko, dama na faɗa muku. Shi ya kashe birkin da hannunsa sannan ya dawo yana ba da shaida a kansa, yara masu tasowa suna ji suna ɗauka.

Akwai kuma masu ɗiga baƙin mai a cikin hob, wato tsakiyar taya inda takalman birki suke, wai don birki ya daina ƙara. Inna lillahi. Abin da aikinsa shine ya kama, kai kuma ka je ka sa masa santsi. Takalmin da ya sha mai ya gama aiki, ba wanki ba gogewa da yashi, sai canji. In ka buɗe hob ka ga ƙura kar ka busa da baki, ƙurar nan mugun abu ce ga huhu, tsumma mai ɗan danshi zaka sa.

In abin ya faru kuma sai ka ji ana cewa ƙaddara ce, tsautsayi baya wuce ranarsa. Mun yarda da ƙaddara, amma ai an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kai malami ne ka fi ni sani. Wanda ya hau bayanka ya biya ka kuɗinsa bai san ba birki ba, amana ya ba ka. Ka je ɓangaren ƙashi a asibitin Shika ko gidan masu ɗori ka ga samari a kwance an ɗaure musu ƙafa, ka tambayi abin da iyalansu suke kashewa a sati ɗaya, sannan ka zo ka tambayi kuɗin wayar birki a kasuwar Sabon Gari, waya ce fa kawai, tana cikin mafi arhar abin da ke jikin mashin ɗin nan, ko galan ɗin mai ɗaya bata kai ba.

Wannan karon kar ka sa da kanka, ka kai a sa maka, ka ce a buɗe hob ɗin a duba takalman, a goge ƙarfen nan a sa masa ɗan giris kaɗan ba tare da ya taɓa takalmin ba, a saita hannun yadda zai fara kamawa tun kafin ya kusa taɓa riƙon. Ka tsaya ka kalla, daga baya ɗaure notin saiti kai zaka riƙa yi. Yawancin mashin akwai 'yar kibiya a jikin hannun da wayar take ja a hob, in ka matse birkin kibiyar ta kai kan alamar toh takalmi ya ƙare, ƙara ɗaure noti ba zai dawo da shi ba.

In an gama ka samu wuri mai kwalta da ba mutane, da sassafe ranar Asabar, kai kaɗai ba yara. Ka tafi a hankali a giya biyu, kan mashin a miƙe, ka saki totur ka matsa na gaba sannu-sannu kamar mai matse lemon tsami, sai ka ji gaban ya ɗan nutse sannan ka ƙara, ƙafarka tana taka na baya a lokaci ɗaya. Ka yi sau ashirin. Sannan ka ajiye dutse a matsayin alama, ka gwada tsayawa da na baya kaɗai, ka dawo ka gwada da duka biyun a gudu iri ɗaya, ka auna tazarar da takunka, ka kira abokan naka na acaba su zo su ƙirga tare da kai.

Kafin nan dai yaran su hau napep gobe da jibi, in kuɗin ne babu ka jinkirta sayen sifanun zuwa ƙarshen wata, wayar ita ce a gaba.