Idan na koma dandalin kirifto mai lasisi, na miƙa kaina ga masu haraji ke nan?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina sayen USDT, wato kuɗin intanet na kirifto da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, a hannun mutane domin biyan kuɗin kaya a ƙasashen waje. An ba ni shawara in koma dandali mai lasisi, amma suna neman lambar BVN da NIN da hoton fuskata. Shin wannan ba tona asirin dukiyata ba ne ga gwamnati da masu karɓar haraji?

Amsa: Malam, tsoronka yana da tushe, sai dai sirrin da kake ƙoƙarin karewa bai kai girman da kake zato ba tun farko. Kundin da ake rubuta cinikin Bitcoin ko USDT a cikinsa a buɗe yake, kowa na iya ganin adireshin (wato lambar asusun kirifto) da ya aika, da wanda ya karɓa, da adadin kuɗin, kuma ba a goge abin da aka rubuta. Sunanka ne kawai ba ya ciki. To amma duk ranar da ka tura naira daga asusunka na banki zuwa ga wanda ya sayar maka da kirifto, ka bar sawun da mai bincike zai iya bi ya haɗa sunan da adireshin. Ba dole sai dandali yana da lasisin Najeriya ba kafin bayanai su fita: a farkon shekarar 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta umarci dandalin kirifto na Binance ya miƙa wa hukumar EFCC bayanan masu ciniki daga Najeriya.

Neman takardun shaida ba son ran kamfanonin ba ne. Tun 2019 ƙungiyar FATF, mai tsara ƙa'idojin yaƙi da halatta kuɗin haram a duniya, ta buƙaci dandalin kirifto ya san abokin cinikinsa kamar yadda banki yake yi. A gida kuwa, Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kamfanonin kirifto a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disambar 2023, sannan a Agustan 2024 hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari, ta ba dandalin kirifto na Busha da na Quidax amincewar farko. Dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin dijital ƙarƙashin kulawar wannan hukuma.

Game da haraji, lasisin dandali bai ƙara maka ko sisi ba, domin nauyin yana kanka ko a ina ka yi cinikin. Dokar Kuɗi ta 2023 ta ɗora kashi 10 cikin 100 a kan ribar sayar da kadarorin dijital, kuma sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta mayar da irin wannan riba cikin kuɗin shigar mutum, inda naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji, mafi girman mataki kuma shi ne kashi 25 cikin 100. Riba ake yi wa haraji, ba uwar kuɗi ba. Idan ka sayi kirifto na naira miliyan ɗaya ka sayar a kan miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, dubu ɗari ukun ne abin lissafi; amma idan ba ka da shaidar farashin da ka saya, da me za ka nuna cewa sauran kuɗin jarinka ne? A nan tarihin ciniki da dandali yake ajiyewa kariya ce gare ka.

Saɓanin siyasa a kan wannan batu na gaske ne. Masu goyon bayan sa ido suna kafa hujja da maganar gwamnan Babban Banki, Olayemi Cardoso, a Fabrairun 2024, cewa dala biliyan 26 sun ratsa ta Binance a Najeriya cikin shekara guda ba tare da an iya tantance masu su ba, da kuma rushewar CBEX, wata manhajar zuba jarin kirifto ta bogi, a Afrilun 2025, wadda ta tafi da kuɗin jama'a. Masu adawa kuwa suna tuna zanga-zangar EndSARS ta 2020, lokacin da aka toshe hanyoyin karɓar gudummawa ta banki har masu tara ta suka koma Bitcoin, suna cewa ikon da ake ba hukuma domin kama ɓarawo da shi za a iya matse ɗan adawa. A ganina duka ɓangarorin suna da gaskiya, amma wurin da ya dace a yi gardamar shi ne sharuɗɗan da hukuma za ta cika kafin ta karɓi bayanan mutum, da hukuncin kamfanin da ya bari suka zube, wanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanada.

Ga mai sana'a irin taka, haɗarin da ya fi kusa shi ne wata rana ka sayar wa baƙo kirifto, ya biya ka da kuɗin zamba, banki ya hana ka taɓa asusunka ana tsakiyar kasuwa. Saboda haka shawarata ita ce ka duba sunan dandalin a shafin SEC da kanka, ka riƙa sauke tarihin cinikinka duk wata, kada kuma ka bar kuɗi mai yawa a can, domin lasisi ba inshora ba ne, kuma hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin ajiya a bankuna, ba ta biyan diyyar kirifto.