Tambaya da Amsa: Shin Haske Ma Yana da Alkibla?

Tambaya: Malam, an ce mana a aji wasu taurarin ɗan'adam ba launi kaɗai suke ɗauka ba, har da alkiblar hasken da ke dawowa daga doron ƙasa. Me ake ƙaruwa da shi?
— Wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, ki ɗaure igiya a jikin bishiya ki kaɗa ta. Kina iya kaɗawa sama da ƙasa, kina iya kaɗawa hagu da dama. Haka haske yake. Na rana a cakuɗe yake isowa, yana kaɗawa ta kowace fuska, amma da zarar ya bugi abu mai santsi ya dawo, sai wani sashensa ya riƙa kaɗawa ta fuska guda. Idan ya sauka kan ruwa a karkace, kimanin digiri 53 daga tsaye, kusan duk wanda ya dawo a kwance yake kaɗawa. Wannan ƙyallin ne tabarau na masu kamun kifi ke tarewa, har mutum ya hango cikin ruwa.

Na'urar da ke sama takan ɗauki wuri ɗaya sau uku, kowane ɗauka an juya matatar hasken, sannan a kwatanta. Launi yana faɗin abin da ke cikin abu, alkibla kuwa labarin fatarsa take bayarwa: ganye mai sheƙi ne, ruwa ne, ko busasshiyar ƙasa.

A ganina dai babbar ribar tana cikin iska. Ƙasa ba ta cika sa haske ya kaɗa ta fuska guda ba, ƙananan ƙwayoyin hayaƙi kuwa suna yi sosai, don haka ana iya ware hazo daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Girgijen ruwa kuma yana nuna alamar bakan gizo inda hasken rana ya juya da wajen digiri 140 daga hanyar da ya biyo, na ƙanƙara ba ya nunawa.

Faransa ce ta yi fice da na'urar POLDER, wadda ta tashi a tauraron Japan a 1996, ya lalace a 1997. Ta biyu ma ba ta daɗe ba, sai ta uku, a kan tauraron Faransa mai suna PARASOL, ta yi aiki daga 2004 zuwa 2013. A Fabrairun 2024 hukumar NASA ta Amurka ta harba tauraron PACE ɗauke da irin waɗannan na'urori biyu.

Kada ki sa ran ganin gona ɗaya-ɗaya da hoton POLDER fa, domin ɗigo guda a cikinsa ya kai faɗin kilomita 6.