Fatawa: Miyar kawal haramun ce, ko raina ne kawai bai so?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kusiri ta Kamaru, matata kuwa 'yar Abeshe ce ta Chadi. Tana yin miya da kawal, ita da 'yan'uwanta su ci har da santi, ni ko warin kaɗai tayar mini da zuciya yake yi. Na ce mata ruɓaɓɓen abu ƙazanta ne, bai kamata Musulmi ya ci ba. Ta yi fushi. Na yi daidai?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Malam, ba ka yi daidai ba. Kawal ganyen tafasa ne da ake dakawa a rufe shi har ya yi tsami, sannan a busar. Tsiro ne mai tsarki, ba ya sa maye, don haka halal ne. In wari ne hujja, to daddawar da aka raine ka da ita fa? Ita ma sai kalwa ta ruɓa ake samunta. Hancinka ya saba da ita tun kana goye shi ya sa kake kiranta ƙanshi.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Annabi (SAW) gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna. Da aka gaya masa ko mene ne, sai ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya ce, "Haramun ne, ya Manzon Allah?" Ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya jawo naman ya ci, Annabi yana kallo. Duba da kyau: mafificin halitta da kansa ya jingina ƙyamarsa ga inda ya tashi, bai mai da ita hukunci a kan kowa ba. Abu Huraira kuma ya ce Annabi bai taɓa aibata abinci ba. In yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

Cewar da ka yi "bai kamata Musulmi ya ci ba" ta fi damuna a kan ƙin cin. Halattawa da haramtawa haƙƙin Allah ne, kuma aya ta 116 a Suratun Nahli ta yi kashedi mai tsanani ga masu cewa wannan halal, wancan haram da son ransu.

Amma kada wani ya ɗauka duk abin da al'ada ta daɗaɗa ya halatta. A Marwa ta Kamaru da kewaye akwai waɗanda suka tashi suna jin daɗin bilbil, giyar dawa, ba sa biki sai da ita. Sabo bai wanke ta ba, domin nassi ya haramta duk abin da ke sa maye. Sau da yawa ma wanda ya tuba da gaske, warinta kansa yakan koma ƙinsa, kamar yadda aya ta 7 a Suratul Hujurati ta faɗa cewa Allah ne ke sa wa muminai son imani da ƙin saɓo.

Hukuncinka: ba dole ka ci ba. Ka janye maganarka, ka ba ta haƙuri, ku shirya ta riƙa raba tukunya. In warin ya kama bakin wanda ya ci, ya wanke kafin ya tafi masallaci, ƙiyasi a kan albasa da tafarnuwa.

Wallahu a'alam.