Ina son zama likitar jini da kansar yara: ta ina zan fara daga Garwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise (babbar sakandare) a Garwa ta Kamaru, ina shirin bak D, jarabawar kammala sakandare ta ɓangaren kimiyya. Ƙanena yana da sikila, tun ina ƙarama nake bin mahaifiyarmu asibiti, shi ya sa nake son zama likitar jini da kansar yara. Kawuna ya ce shekarun karatun sun yi yawa, kuma fanni ne da yara ke mutuwa a hannun mutum kullum. Shekara nawa ake yi, a ina ake karantawa, kuma gaskiya kawun nawa ya faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba ƙanenki sauƙi.

Batun shekaru kam kawunki bai yi ƙari ba. Bayan bak sai konkur, wato jarabawar gasa ta ƙasa ta shiga karatun likita, kuma kujerun ba su da yawa. In kin haye, shekara 7 ne kafin a kira ki likita. A da sai mutum ya tafi kudu, galibi Yawunde, makarantar da manyanmu ke kira CUSS, wadda aka kafa a 1969. Yanzu akwai tsangayar likitanci a nan Garwa. Daga nan sai wata jarabawar ta shiga ƙwarewa a lafiyar yara, shekara 4. Sai kin zama likitar yara tukuna za ki ɗora jini da kansa a kai. Yawancin 'yan ƙasashen da ke amfani da Faransanci suna bi ta GFAOP, ƙungiyar likitocin kansar yara ta Faransa da Afirka, wadda Farfesa Jean Lemerle ya assasa a 2000 tare da likitocin Afirka, da difiloma ta kansar yara da ake yi a Rabat ta Maroko. Ki lissafa shekara 12 zuwa 13, ban da shekarun da mutane da yawa kan yi a asibitin gunduma a tsakani. Waɗannan kuwa ba asara ba ce, a can ake sanin masassara da tamowa da yaron da jininsa ya ƙare, sanin da littafi ba ya bayarwa.

Abu uku aka haɗa a fanni ɗaya, jini da kansa da garkuwar jiki, domin ɓargo ne tushen da yawa daga cikin cututtukan. Shi ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini, da farare masu yaƙi da cuta, da masu tsayar da zubar jini. Amma a arewa ba daidai suke da nauyi ba. Mafi yawan ranakunki sikila ce za ta cinye su. Yaro na kuka da ciwon ƙashi, jariri hannu da ƙafa sun kumbura, wani idonsa ya yi ɗorawa, wani ɗan shekara shida ya wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Za ki koya wa uwa yadda za ta buɗe fatar idon ɗanta ta duba ko ta yi fari, ta taɓa ƙasan haƙarƙarin hagu ta ji ko saifa ta kumbura, domin jini kan taru a cikinta cikin sa'o'i kaɗan yaro ya galabaita. Za ki ba da fenisilin na rigakafi da folik asid, ki nace a kan gidan sauro da allurar rigakafi, ki sa wa wanda ya dace haidroksiyuriya, maganin da ke rage yawan tashin ciwon. Kuma za ki maimaita, har bakinki ya gaji, cewa in uwa da uba duk AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki, ba ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Ke ma, tunda ƙanenki yana da ita, ki je a gwada jininki kafin maganar aure ta taso.

Akwai kuma yaron da wanzami ya yi wa kaciya ko ya cire masa beli jini ya ƙi tsayawa. Sau da yawa ta nan ake gano hemofiliya, ciwon rashin tsayawar jini da ake gado, kuma in kin tambaya za ki ji wani kawunsa na wajen uwa ya taɓa yin haka.

Maganar mutuwa kuwa, ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya: kimanin yara da matasa 400,000 ke kamuwa da kansa duk shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu ba su kai 30 ba. A 2018 hukumar ta sa burin kai wa kashi 60 nan da 2030. To me ya kawo wannan rata? Ba wai kansar yaranmu ta fi ta Turai mugunta ba ce. Ɗauki kansar Burkitt, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, mai alaƙa da zazzaɓin cizon sauro da ƙwayar cutar Epstein-Barr. Muƙamuƙi ko ciki ke kumbura, haƙora su yi girgiɗi, ƙarin yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk da saurin nan tana jin magani ƙwarai, kuma magungunan tsofaffi ne, saiklofosfamaid da metotirekset. Asibitocin Baftis na Mbingo da Banso sun daɗe suna warkar da yara da su. Kansar ƙoda ta Wilms ma tana warkuwa, haka ta ido, wadda ke fara nuna kanta da wani farin haske a ƙwayar idon jariri kamar idon mage da dare.

Inda ake rasa yaran shi ne hanya. Kafin a iso gare ki an yi watanni ana shafe-shafe da tsaga, an cire haƙori, an sha maganin tsutsar ciki. In an gano, sai a ce Yawunde, cibiyar uwa da yaro ta gidauniyar Chantal Biya: mota zuwa Ngaundere, kwana a jirgin ƙasa, birnin da uwa ba ta san kowa ba kuma ba ta jin Faransanci. Sai a yi kemo na farko, wato maganin kansa, kumburin ya sace cikin mako guda, uba ya duba ya ga ɗansa ya koma mutum. Auduga na jiran tsinka a gona, an riga an sayar da akuya biyu, akwai wasu yara shida a gida. Ya gode wa likita ya ɗauki ɗansa. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo, kuma wannan karon ba ya jin magani kamar da. Ni ba na ganin laifin wannan uban. Abin da ya gani da idonsa ya bi, ba a kuwa zaunar da shi an yi masa bayani da harshensa ba.

Wannan zaman shi ne rabin aikin, kuma a nan kike da abin da likitoci da yawa ba su da shi. Kina jin Hausa, tashin Garwa kuma da wuya ba ki jin Fillanci. Za ki iya ce wa uba, tun kafin allurar farko, “Malam, kumburin zai tafi da wuri, amma saiwar ciwon tana nan, sai an cika zagayen maganin duka.” Za ki san cewa kaka ce ko baffa ke yanke shawara a gidan, ki sa a kira su. Za ki faɗa wa uwa gashi zai zube kuma zai fito, sannan in jikin yaro ya yi zafi ko da tsakar dare ne a kawo shi nan take, domin kemo na karya garkuwar jiki, zazzaɓin da wani yaro zai sha farasitamol ya wuce shi yana iya kashe wannan kafin asuba.

Ɓangaren garkuwar jiki ya fi ƙanƙanta a wurinmu. Galibi tamowa ce da ƙanjamau ke raunana ta. Cutar raunin garkuwa da ake haifar yaro da ita ba ta da yawa, amma inda auren zumunci ya yi yawa akan same ta: jariri mai ciwon huhu a kai a kai, gudawa ba ta tsayawa, gurbin allurar BCG ya ƙi warkewa, kuma an taɓa rasa yayyensa suna jarirai. Gwajin tabbatarwa yakan buƙaci aika jini nesa, amma zargin farko daga tambayar tarihin gida yake fitowa.

Yara za su mutu a hannunki, wannan ba zan ɓoye miki ba. Wasu za ki san tun ranar farko ba za su tashi ba, aikinki ya zama ba da morfin don kada yaro ya tafi cikin azaba, da faɗa wa iyaye gaskiya cikin ladabi. Wanda ya ce wannan ba ya taɓa shi, ni dai ban yarda da shi ba. Kuɗi ma ba a nan suke ba. Albashin gwamnati ne, majinyatanki kuma talakawa ne, abokan karatunki da suka zaɓi tiyata ko haihuwa za su riga ki gina gida.

A bana kada ki raba hankalinki: kimiyyar halittu, kemistiri da fizik, sai tsofaffin takardun konkur. Ki riƙe Ingilishi da kyau, yawancin sabon binciken da shi ake bugawa. In Allah ya sa kin shiga, ki lizimci ɗakin gwaje-gwaje har ki iya shafa jini a gilashi ki karanta shi da kanki a madubin likita, domin a asibitin gunduma ba wanda zai karanta miki. Idan kun fara zagayen asibiti, ki nemi a tura ki sashen kansar yara na Yawunde ko da na wata ɗaya ne a lokacin hutu, ki yi aikin dare a can kafin ki yanke shawara.