Filin Tambaya da Amsa: Yaya za mu yi azumi tare da yara a gida?

TAMBAYA: Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. 'Ya'yana uku: babbar shekararta 15, mai bi mata 10, autan 5. Duk shekara idan azumin kwana 40 ya kama, ni da maigidana mukan fara da zafi, amma kafin mako biyu kowa ya kama gabansa, yaran kuwa sai kallo. Ta yaya za mu yi shi tare ba tare da na takura musu ba? Daga wata uwa.

AMSA: 'Yata, na gode da wasiƙarki. Abin da ke karya ku a mako na biyu shi ne ɗaukar Dala ba gammo. Ni ma na taɓa yin haka. Wata shekara na kafa doka a gidana, babu mai cin komai sai rana ta faɗi, babba da yaro. A kwana na huɗu ina tsaye a kicin ina ta faɗa a kan kofi ɗaya da ba a wanke ba, sai ɗana, lokacin shekararsa tara, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mama, azumin ne yake sa ki fushi?" Na rasa bakin magana. A daren na nemi gafararsu, muka sake shiri.

Ki fara da yi musu lissafin kwanakin, yara suna son wannan. Daga Larabar Toka, ranar da ake fara azumin, zuwa Asabar ɗin jajibirin Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, kwana 46 ne. Idan aka cire Lahadi shida, saura 40, daidai da kwanakin da Yesu ya yi yana azumi a jeji kamar yadda Matiyu 4 ya faɗa. Ba a lissafa Lahadi domin ranar tashin Ubangiji ce, ranar murna. Ki ba autan takarda ya zana gidaje 40, kowace yamma ban da Lahadi ya shafe guda da kala. Aikinsa ke nan, kuma za ki ga shi ne zai riƙa tuna muku idan kun manta.

Batun yunwa kuwa, kada ki ɗora wa yaro abin da ikilisiya ma ba ta ɗora masa ba. A ɗarikar Katolika, wadda ta fi tsara abin dalla-dalla, azumin Larabar Toka da na Juma'ar da aka gicciye Almasihu yana kan mai shekara 18 zuwa 59 ne, barin nama a ranakun Juma'a kuma daga shekara 14. Wasu ɗariku sun bar wa kowa ya auna da zuciyarsa, don haka ki tambayi faston ku ko fada, wato firist na Katolika. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga ko gyambon ciki, kada ya bar abinci sai da shawarar likita.

To me yaran za su bari? Ku zauna a daren farko, kowa ya faɗi nasa da bakinsa. Mai shekara goma zai iya barin kayan zaƙi. Babbar, ina zaton ajiye waya bayan cin abincin dare zai fi mata wuya a kan tsallake kalaci, kuma idan kika nemi haka a wurinta, ki fara kife taki, maigida ma ya kife tasa. Yara ba sa jin wa'azin da idonsu bai gani ba.

Abin da ya fi riƙe gidana har yau gwangwani ne, wanda muka huda murfinsa muka ajiye a tsakiyar tebur. Duk abin da aka fasa saye saboda azumi, kuɗinsa ya shiga ciki. Ishaya 58 ya ce azumin da Allah yake so shi ne ka raba abincinka da mai jin yunwa, ka shigar da marar masauki gidanka. Na karanta musu wannan sau da yawa, amma bai zauna musu ba sai ranar da suka zazzage gwangwanin a kan tabarma, suka ƙirga da hannunsu, suka yi gardamar wa za a kai wa. Suka tsaya a kan wata gwauruwa da ke zama a bencin baya a coci. Na ce su kai a asirce, kada hagu ta san abin da dama ta yi, haka Matiyu 6 ya koya. A can ne kuma aka ce mai azumi ya wanke fuskarsa, kada ya ɓata rai don mutane su gani.

Addu'ar yamma kada ta wuce minti goma. Aya biyu ko uku daga Zabura 51, waƙa ɗaya, kowa ya ambaci mutum guda da zai roƙa wa Allah. Ranar da aka manta, kada ki tsawata wa kowa, washegari a ci gaba daga inda aka tsaya. Ki nemo gwangwanin tun kafin Laraba, ki bar mai shekara goma ya huda murfin da kansa.